Yadda ake shirin karɓar kemo: abin da jinyar Inna ta koya mana a Sakkwato

Ranar da likita ya ce Inna za ta fara kemo, wato maganin ciwon kansa, abin da ta fara tambaya shi ne, "Likita, sau nawa za ni tahowa?" Ya ce sau shida, duk bayan sati uku. Ta yi shiru tana lissafi da yatsu, sannan ta dube ni ta ce, "Ashe har ruwa ya sauka muna bisa hanya." A lokacin muna ƙarshen hunturu. Mu 'ya'yanta duk hankalinmu na kan ranar farko, ita kuwa ta riga ta hango wata huɗu, da zafin bazara a tsakiya, da azumi a ciki. Lissafinta shi ne daidai. Wanda zai shiga kemo, shirin tafiyar gaba ɗaya zai yi tun kafin a ɗaura masa ruwan farko, domin yawancin abin da ke kayar da mutane a gida yake faruwa, tsakanin zuwa da zuwa: kuɗi ya yanke, ko zazzaɓi ya zo da tsakar dare, ko wani ya kawo jiƙo ya ce a bar asibiti.

Ɗan jinya ne ke wannan magana. Duk inda ta saɓa da ta likitanku, tasa za ku bi.

Kemo magani ne da ke kashe ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa. Ƙwayoyin kansa haka suke, amma haka ma na tushen gashi, da na fatar cikin baki da hanji, da na ɓargo inda jini ke samuwa. Zubar gashi, gyambon baki, gudawa da ƙarancin jini duk daga nan suke. Shi ya sa ake ba da shi zango-zango, a bar jiki ya farfaɗo kafin na gaba.

Zama da likita

A nan Sakkwato, mafi yawan masu wannan jinya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suke zuwa, wajen Gawon Nama, inda ake da sashen kula da masu kansa. A layi za ka haɗu da mutanen Birnin Kebbi, da na Gusau, har da na Ƙonni daga ƙetaren iyaka. Mutane da yawa, likita ɗaya ya ga wannan ya ga wancan, don haka ku shiga da tambayoyinku a rubuce. Ku je ku biyu, ɗaya na sauraro ɗaya na rubutu, domin marar lafiya da aka ambata masa kansa rabin maganar ba ya jin ta. Ku sayi littafi guda na musamman tun ranar, kada a rubuta komai a ciki sai jinya.

Ku riƙe sakamakon gwajin tsokar da aka ɗiba, da hotunan da aka yi, da duk maganin da marar lafiya ke sha, na hawan jini ne ko na suga. Tambaya ta farko: mene ne manufar kemon? Wani don a warke ake ba shi, wani don ƙarin, wato kumburin kansar, ya motse kafin tiyata, wani bayan tiyata don share abin da ya saura, wani kuma don rage ciwo da tsawaita kwana cikin sauƙi. Sanin wannan ne zai sa ku san nauyin da za ku ɗauka. Sai ku nemi a rubuta muku sunayen magungunan, da yawan zuwa, da tazarar da ke tsakani, da ko akwai tiyata ko gasa wurin ciwon da na'ura a gaba. Kada ku fito sai kun san wa za ku kira, kuma wace ƙofa za ku nufa, idan jiki ya rikice da dare ko ranar Lahadi.

Akwai abin da muke yi a gidajenmu wanda na daina yarda da shi, wato ɓoye wa marar lafiya sunan ciwonsa. Yayyena sun so a ce wa Inna ƙari ne kawai. Don tausayi suka faɗa, na sani. Amma wadda za ta ga gashinta a kan matashi bayan sati biyu ko uku, kuma za a ce ta bar zuwa gidan biki, ta ƙi nonon da ta saba sha, ba za ta bi doka ba in ba ta san dalili ba. Da muka gaya mata, a gaban Kawu, sai ta ce, "To, ai ciwo ba shi ne ajali ba." Daga ranar ita ke tuna mana lokacin shan magani. A zaɓi wanda zai faɗa, a zaɓi lokaci, a faɗa da taushi, amma a faɗa.

Gwaje-gwajen farko

Za a tura ku awon jini don ganin yawan jajayen ƙwayoyi, da farare masu yaƙi da cuta, da waɗanda ke tsayar da zubar jini. Za a duba ƙoda da hanta, tunda su ke fitar da maganin daga jiki. Za a duba ciwon hanta nau'in B da C, da cuta mai karya garkuwar jiki. Kada wannan ya ɓata wa kowa rai. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwanciya shekaru ba a sani ba, kemo ya tayar da ita, alhali in an gano da wuri akwai maganin da ake haɗawa. Wanda za a ba jan maganin nan, doksorubisin, ana duba zuciyarsa tukuna. Mace mai shekarun haihuwa ana yi mata gwajin ciki. Ana auna tsawo da nauyi, da su ake lissafa yawan maganin, saboda haka in nauyi ya ragu sosai a tsakiyar tafiya ku sanar.

Abu biyu da ba kowa ke tunawa ba. In akwai haƙori mai rami ko dasashi mai kumburi, a ga likitan haƙori kafin a fara, domin cire haƙori a tsakiyar kemo hatsari ne. Sannan ku san rukunin jinin marar lafiya, ku tsayar da mutum biyu ko uku cikin dangi waɗanda suka yarda za su ba da jini in an nema. Neman mai ba da jini a ranar da ake buƙata wahala ce da na ga mutane na sha a bakin ɗakin gwaji.

Maganar kuɗi

Nan zan daɗe, don nan ne na ga an fi faɗuwa. Mutane kan tara kuɗin zuwan farko da ƙyar, a yi na biyu da bashi, a na uku a ɓace. Kemon da aka yanke a tsakiya ya bar marar lafiya da wahalar magani, ƙarin kuma ya samu sararin dawowa.

Ku je kantin maganin asibiti da takardar likita, a faɗa muku kuɗin zango ɗaya, ku ninka da yawan zuwa. A kan wannan ku ɗora kuɗin awon jini kafin kowane zango, da maganin hana amai, da kayan ƙarin ruwa, da kuɗin mota da abinci, da wani abu a gefe na kwanciya asibiti ko ƙarin jini ko allurar ƙarfafa fararen ƙwayoyin jini. Ku bar sarari don tashin farashi, tunda yawancin magungunan daga waje ake shigo da su. Wannan jimlar za ku kai gaban dangi, a zauna a raba tun yanzu: wa zai ɗauki zango na ɗaya, wa zai ɗauki na huɗu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu tumaki muka sayar a Kara, Kawu ya ɗauki zango biyu, ƙanwarmu da ke aure a Gusau ta ɗauki kuɗin gwaji. Kuɗin a hannun mutum ɗaya ya zauna, duk abin da ya fita a rubuta.

Wanda ke da inshorar lafiya, ta tarayya ko ta jiha wato SOCHEMA, ya je ofishinsu ya tambayi abin da suke ɗauka da wanda ba su ɗauka, tun kafin a fara. Ku shiga sashen jin ƙai na asibiti ku gabatar da kanku. Ba bara ba ce, aikinsu ke nan. Ku tambaye su hanyar neman asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa masu kansar mama, da ta bakin mahaifa, da ta mafitsarar maza, wato furostet. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ita ma ƙofa ce da za a ƙwanƙwasa. Irin waɗannan takardu suna ɗaukar lokaci, kada a jira sai aljihu ya bushe.

In ya zama dole a sayo maganin a waje, a saya a kantin da ke da rajista da ƙwararren mai haɗa magani, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a karɓi rasit. Ku tambaya ko na firiji ne. Wasu daga cikinsu sanyin digiri 2 zuwa 8 suke so, kuma a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, tafiyar kabu-kabu da magani a leda ta isa ta lalata shi. A sa shi a ƙaramar kula da ƙanƙara, a raba su da tsumma don kada ya daskare, a kai shi asibiti kai tsaye.

Jiƙo, wanzami, da maganar haihuwa

Da zarar labari ya fita, magani zai riƙa shigowa gida daga ko'ina: sassaƙe, garin ganye, kwalaben da aka ce daga Makka suke ko daga Indiya. Masu kawowa masoya ne. A karɓa a yi godiya, amma kada a sha komai sai an nuna wa likita, har da habbatus sauda da ƙwayoyin ƙarin kuzari. Hanta da ƙoda suna cikin aiki mai nauyi, kuma wasu ganyayyaki suna rage ƙarfin kemo ko su ƙara dafinsa. In an riga an sha wani abu, a faɗa ba kunya. Ƙaho, tsaga, sakiya da cire belu a jingine su gaba ɗaya, domin jini ba ya tsayawa da wuri a wannan lokaci, kuma ƙaramin rauni ƙofar cuta ne. Addu'a da tofi kuwa babu abin da ya hana su. Mai shan rubutu a wanke masa da ruwan da aka tafasa, a allo mai tsabta.

Masu sauran shekarun haihuwa, mata da maza, su yi wa likita maganar kafin zango na farko, domin wasu magungunan suna tsayar da haila ko su rage maniyyi, wani lokaci na ɗan lokaci, wani lokaci har abada. Ba a ɗaukar ciki a kan kemo, ba a kuma shayarwa. Mai goyo ta shirya yaye ko madara tun da wuri. Miji da mata su je tare a yi musu bayanin tsarin iyali. Kansa ba ta yaɗuwa ta zama tare, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko kwanciyar aure.

Gyaran gida

Abu na farko da za a saya shi ne ma'aunin zafin jiki, irin mai nuna lamba, kuma mutum biyu a gidan su iya amfani da shi. Sai gidan sauro mai magani, sabulu a bakin bayi da wajen cin abinci, buroshin haƙori mai laushi, bokiti mai murfi don amai, da buta ta marar lafiya shi kaɗai. Ruwan sha a tafasa shi ko a samo wanda aka amince da tsabtarsa. Randa a wanke ta, a sa mata moɗa guda. Ɗakin ya zama mai iska, nesa da turken dabbobi da kaji.

Gashi kan fara zuba sati biyu zuwa uku bayan zangon farko, a irin magungunan da ke zubar da shi, don ba duka ba ne. Inna ta sa aka tsefe mata kitso aka rage gashin da almakashi kafin lokacin, ta tanadi hula mai laushi a ƙarƙashin ɗankwali. A guji reza. Gashin yana dawowa bayan an gama.

Sai 'yan dubiya. A garin nan dubiya hakki ce, ba a korar wanda ya zo. Abin da muka yi shi ne shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Gwaggo ta zauna tana karɓar gaisuwa, masu shiga ɗaki kaɗan-kaɗan bayan sun wanke hannu. Mai mura ko tari, da yaron da ke da ƙyanda ko ƙaranbau, daga ƙofa za su yi addu'a. Wanda ke zuwa daga nesa, kamar Isa, Sabon Birni ko Tangaza, ya nemi masauki wajen dangi a cikin gari, aƙalla na daren jajibere da kwana biyu bayan ruwa, kuma ya san asibiti mafi kusa da garinsu da wanda zai ba da mota ko da dare ne.

Jajibere da ranar ruwa

Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ake awon jini; ku karɓi sakamakon ku riƙe. A sha ruwa sosai tun jajibere, yana sa jijiya ta fito. In an ba da ƙwayoyin da za a sha kafin a zo, a sha su a kan lokaci. Da safe a karya da abu marar nauyi, koko ko kunu da ɗan burodi, ban da soye-soye. A sa riga mai faɗin hannu. A jaka a sa kati, littafi, magunguna, gorar ruwa, ɗan abin taɓawa, mayafi, carbi, da cajar waya. A yi sammako, a kuma sa rai za a wuni, domin wani ruwan awa ɗaya ne, wani ya kai awa shida.

Wadda aka yi wa tiyatar mama ta tuna wa nas, don a sa allurar a ɗaya hannun. Da an fara, abin da ya fi muhimmanci shi ne kada a yi kawaici. In wajen allurar ya yi zafi, ko raɗaɗi, ko kumburi, a kira nas nan take, domin wasu magungunan in suka zuba a wajen jijiya suna cin nama. Haka in numfashi ya yi wuya, ko fuska ta yi zafi, ko ƙaiƙayi ya taso, ko baya ya riƙe. Iyayenmu sun saba da haƙuri da jin nauyin ma'aikata. Ɗan jinya ya zauna kusa yana kallon fuska da hannu. Wanda aka ba jan maganin zai ga fitsarinsa ya yi ja kwana ɗaya ko biyu, launin magani ne. Kada marar lafiya ya tuƙa mota ko babur da kansa zuwa gida.

Bayan an dawo gida

Kwana biyun farko maganin na fita ta fitsari, bayan gida da amai. A kora bayi da ruwa mai yawa, mai wanke kayan da suka ɓaci ya sa safar hannu, a wanke su daban, mai ciki kuma ta bar wa wani wannan aiki. Maganin hana amai a sha shi yadda aka rubuta ko da ba a jin tashin zuciya. Jiran amai ya fara kafin a sha kuskure ne. Wasu magungunan hana aman suna ɗaure ciki, a faɗa wa likita in an kwana biyu ba a zaga ba. Mai ciwon suga ya riƙa aunawa, don maganin deksametazon da ake haɗawa da kemo yana ɗaga suga. Ruwa lita biyu zuwa uku a rana, kurɓi-kurɓi, sai fa in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda.

Abinci kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida, dafaffe kuma sabo: tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, faten wake, alala, dafaffen ƙwai, kifi, kunun gyaɗa. Nonon da ba a tafasa madararsa ba, furar talla, zoɓo da kunun aya na ƙulli, latas da kabejin bakin hanya, yankakkiyar kankana, tsiren da ya sha iska, duk a haƙura da su. Wannan ya yi wa Inna ciwo, don fura ce abincinta na rana. Sai muka koma dama mata a gida da yogot na kamfani da tafasasshen ruwa. Baki a riƙa kurkure shi da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, rabin ƙaramin cokali a kofi, sau huɗu a rana. Yaji da tsami suna ƙara wa gyambon baki zafi.

Yanzu ga maganar da nake so ta zauna a kan kowa. Daga kwana na 7 zuwa na 14 bayan ruwa, fararen ƙwayoyin jini suna sauka ƙasa ƙwarai. A wannan tsakani, zafin jiki da ya kai digiri 38 maganar asibiti ce a wannan sa'a, ko ƙarfe nawa ne. A zango na biyu, dare na goma, jikin Inna ya yi zafi tana rawar sanyi. Muka ce zazzaɓin sauro ne, muka ba ta parasitamol, zafin ya sauka, muka kwanta. Da asuba ba ta iya tashi alwala ba. Kwana biyar ta yi a gadon asibiti ana yi mata allurai ta jijiya. Laifinmu ne, kuma har yau ina jin nauyin daren nan. Parasitamol yana rufe zazzaɓi ne kawai, cutar na ci a ciki. A auna tukuna, a kira, a tafi. Kada a tsaya kemis a yi allura. Da isa sashen gaggawa a buɗe baki a ce, "Kemo take karɓa, an yi mata ranar kaza," a miƙa littafi, domin ƙa'idar likitoci ita ce a fara wa irin wannan majinyaci maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya. Ko da zazzaɓin sauron ne, a can za a gwada a gano.

Haka za a garzaya in amai ya hana ruwa zama wuni guda, ko gudawa ta kai sau huɗu zuwa sama a rana, ko jini na fita ta hanci ko dasashi, ko bayan gida ya yi baƙi, ko fitsari ya ɗauke, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko ƙirji na ciwo, ko mutum ya rikice yana magana ba daidai ba.

Azumi ya same mu a zango na uku. Inna ta dage sai ta yi. Likita ya yi mata bayanin ƙoda da ƙishirwar bazara, ba ta gamsu ba sai da limamin unguwa ya zo ya karanta mata ayoyin Suratul Baƙara, ta 184 da ta 185, inda Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki. In kun san azumi zai faɗo cikin zangonku, ku haɗa likita da malami tun kafin watan ya kama. Salla ma in tsayuwa ta gagara, a zaune ake yi.

Kullum da dare a rubuta a littafi: zafin jiki, amai sau nawa, abin da aka ci, ko yatsu sun fara dindiris, ko kunne na ƙara. Da shi likita zai gyara maganin zango na gaba. Wani lokaci za ku je da shirinku a ce jini bai kai ba, ku dawo bayan sati. Hakan na faruwa da mutane da yawa, kuma ba ya nufin magani ya ƙi. Ku tambayi ranar da za a sake awo, ku rubuta ta, ku mayar da maganin firiji inda za a adana shi da sanyi, ku kuma kira wanda ya ɗauki kuɗin zangon ku gaya masa an ɗaga, don kada kuɗin ya shiga wata hidima kafin ranar.